Yadda Za Ka Zaɓa Wa Yaronka Bindigar Koyon Harbi Ta Farko A Saudiyya

Duk uban da ɗansa ya kai shekara tara ko goma a ƙasar nan, da wuya bai ji ana roƙonsa saktun ba, wato bindigar iska. Da sanyi ya shigo aka fara fita barri, wato sahara a bayan gari, a ƙarshen mako, yaro zai dawo daga makaranta da labarin abokinsa da aka saya wa, daga nan kuma ba ka da sauran sakat: "Baba, ni ma a saya mini."

Ina cikin masu son a koya wa yara harbi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Uƙubatu ɗan Amir cewa ya ji Manzon Allah (SAW) a kan mumbari yana karanta ayar tanadin ƙarfi, sannan ya ce har sau uku: "Ku saurara, ƙarfi shi ne harbi." Yaron da ya iya harbin takarda ya koyi natsuwa, ya koyi riƙe numfashi, ya koyi jiran umarni. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen bindigar. Uba zai shiga shago ya tambayi wadda ta fi ƙarfi, a miƙo masa wata doguwa mai nauyin kilo huɗu, ya biya, ya kai gida ya damƙa wa yaro kamar ya ba shi keke. Bindigar farko ita ce mafi rauni kuma mafi sauƙin ɗauka da za ka samu, wadda ta yi daidai da jikin yaron a yau. Kuma taka ce, shi aro yake yi a gaban idonka. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: ka auna yaron kafin ka auna bindiga

Shekaru kaɗai ba su isa ma'auni ba, amma suna da amfani. Kamfanin Daisy na Amurka, wanda ya daɗe yana ƙera bindigogin yara, shekara 10 yake rubutawa a kwalin ƙananan bindigoginsa, tare da sharaɗin babba yana tsaye. Masu ƙarfi kuwa shekara 16 ake rubuta musu. Yaro ɗan bakwai ko takwas zai iya fara harbi a zaune, bindiga tana kan matashi, hannunka yana kanta, amma wannan harbinka ne da yake taya ka.

Abin dubawa shi ne hali. Idan ka ce masa "tsaya" yana tsakiyar wasa, yana tsayawa nan take ko sai ya ƙarasa abin da yake yi? Idan ƙaninsa ya ɓata masa rai, yana jifa da abin da ke hannunsa? Idan aka hana shi taɓa wani abu, yana komawa ya taɓa bayan an fita? Wannan tambaya ta ƙarshe, mahaifiyarsa za ka yi wa, domin ita take wuni da shi. In ta ce bai kai ba, bai kai ba, a jira baɗi. Kuma kada ka shigo da bindiga gida ba da yardarta ba, don ranar da kake wurin aiki ita ce mai gadin makullin.

'Yan mata ma suna cikin wannan magana. Tun 1984 mata suke gasar harbin bindigar iska daga mita 10 a wasannin Olamfik, kuma wasa ne da natsuwa ta fi ƙarfin damtse amfani a cikinsa.

Bindigogin roba masu ƙananan ƙwallaye da ake cika shaguna da su lokacin salla ba matakin koyo ba ne. Da su yara suke sabawa da auna juna a lungu, suna kuma fasa ido. In akwai su a gidanka, a fara kawar da su.

Mataki na biyu: takarda da wurin harbi

Bindigar iska a nan ba a ɗauke ta kayan wasa ba. Tana ƙarƙashin dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 Hijira, wato 2005, kuma ana yi mata lasisi, har an sa hidimar a Absher, manhajar hidimomin gwamnati. Da sunan babba lasisin yake fita, kuma kai ne za ka amsa duk abin da bindigar ta yi. Ka je shagon da ke da izinin sayar da makamai ka nuna takardarka, ko ta ɗan ƙasa ce ko igama, wato takardar zama ta baƙo, ka tambayi abin da aka yarje wa mai irin takardarka kafin ka fito da riyal ko ɗaya. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke jikin bindigar. Wadda ake tallatawa hannu da hannu a intanet ba takarda, komai araharta, ka bar ta. Wanda kuma zamansa ma bai daidaita ba, ina roƙonsa kada ya kusanci wannan harka, domin wahalar da za ta jawo wa iyalinsa ta fi ƙarfin abin da yaro zai koya.

Sai wuri, kuma nan ne da yawa daga cikinmu za su tsaya. Mai zaune a shagga, wato sashen haya a gidan bene, a Shara Mansur ko Misfala a Makka ko cikin Jidda ba shi da filin harbi. Saman bene ba fili ba ne: akwai tankunan ruwa, akwai na'urorin sanyaya ɗaki, akwai tagogin maƙwabta da 'ya'yansu, ƙwayar dalma kuwa in ta kuskure abin da aka auna tana iya tafiyar ɗaruruwan mitoci. Wuri uku ne suka dace: kulob ɗin harbi mai lasisi, istiraha, wato gidan hutu na bayan gari, mai katanga wadda ka san abin da ke bayanta, ko barri inda za ka samu tudun yashi ka sa a gaba, nesa da hanya da tantuna da makiyaya. In ba ka da ko ɗaya cikin ukun, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kai yaron kulob ya yi harbi da bindigarsu a hannun mai koyarwa. Ko da kana da wuri ma, na fi son a fara da haka, saboda a nan za ka gane ko sha'awar ta gaskiya ce ko ta mako biyu. Hukumar wasan harbi ta Saudiyya ce ke kula da wannan wasa, ta wurinta ake sanin kulob ɗin da ke kusa da kai.

Mutanen Makka da Madina suna da ƙarin magana. Farauta haramun ce a cikin iyakar Harami, ko razana tsuntsu ma an hana, kuma Muslim ya ruwaito daga Jabir hanin ɗaukar makami a Makka. Tattabarun da ke sauka a tagarka a Makka ba abin aunawa ba ne, yaro ya ji wannan daga bakinka tun kafin ya ga bindigar. A wajen Harami ma farauta sai da izinin cibiyar kula da namun daji ta ƙasa, a lokacin da ta buɗe, kuma tarar saɓawa tana da nauyi. Mu takarda muke harbi.

Mataki na uku: wane iri

Za ka ga a intanet Amurkawa suna saya wa yaransu ƙananan bindigogin albarushi masu cin harsashi ɗaya, irin su Crickett da Savage Rascal, masu harsashin .22. Wannan harsashi yana wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kisa kamar kowane harsashi. Dokarsu daban, filayensu daban. A wurinmu ka cire ta daga lissafi, sai in yaro ya girma a kulob a hannun masu koyarwa.

Bindigar iska iri huɗu za ka tarar a shago.

Akwai mai sifirin, wadda ake karya bututunta ƙasa a ɗana ta, a sa ƙwaya ɗaya, a mayar. Ba ta buƙatar gas ko famfo, zafi bai dame ta ba, ba ta yawan lalacewa, kuma in tana karye kowa yana gani daga nesa cewa ba a shirye take da harbi ba. Ita nake ba da shawara a saya, amma ƙaramarta.

Akwai mai gas, wadda ake sa mata ƙaramar kwalbar CO2 mai giram 12. Tana da sauƙin harbi, sai dai ba ta dace da yanayinmu ba. Ƙarfin gas ɗin yana bin zafin gari, yana hawa yana sauka, saiti kuma yana canzawa tare da shi. A ranar da Makka ta haura digiri 45, bindigar tana iya ƙin tashi saboda matsin ya yi yawa, kwalbar da aka manta a cikin mota a rana kuwa haɗari ce.

Akwai PCP, mai tankin iska da ake cikawa da famfo na musamman ko kwamfuresa har matsin iskar ya kai bar 200 ko fiye. Ba ta girgiza in an harba, da ita ake gasa, kuma masu shago suna son sayar da ita. Amma tana da tsada, yawancin na kasuwa an yi su ne don farauta da ƙarfi mai yawa, kuma da yawansu suna da gidan ƙwaya mai cin goma ko fiye, ta yadda yaro zai iya ɗauka ta ƙare alhali saura ɗaya a ciki. In za ka sayi PCP, ta zama irin ta koyon gasa mai cin ƙwaya ɗaya.

Ta huɗu ita ce wadda ake bugawa kamar famfon keke kafin kowane harbi, irin Crosman 760. Ba ta da nauyi, kuma kai ne kake ƙayyade ƙarfinta: bugu uku ya isa harbin takarda. Ita ma ba laifi.

Duk wadda ka zaɓa, ta kasance mai harba ƙwayar dalma ta milimita 4.5, ba ƙwallon ƙarfe da ake kira BB ba. Dalma tana da laushi, in ta daki abu mai tauri sai ta baje ƙarfinta ya mutu. Ƙwallon ƙarfe kuwa dawowa yake yi, sau da yawa ta hanyar da ya bi ya tafi, wato wajen fuskar mai harbi. Mai milimita 5.5 ta farauta ce, ƙwayarta ta fi tsada, babu abin da za ta ƙara wa mai koyo.

Mataki na huɗu: kada lambar kwali ta ruɗe ka

A jikin kwali za ka ga an rubuta 1000 ko 1200 da manyan lambobi. Gudun ƙwaya ne, ƙafa 1000 ko 1200 a daƙiƙa ɗaya, kimanin mita 305 zuwa 365, kuma yawanci da ƙwaya marar nauyi ake gwadawa don lambar ta yi girma. Mai shago zai nuna maka ita yana cewa wannan ta fi. Ga yaro, wannan lamba gargaɗi ce.

Dubi abin da ƙwararru suke riƙewa. Bindigar da ake gasar Olamfik da ita gudunta bai wuce wajen mita 170 zuwa 175 a daƙiƙa ba, ƙarfinta jul 7.5 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugun ƙwaya), da ƙwaya mai nauyin kusan rabin giram. Da ita ake samun ɗigon tsakiya mai faɗin rabin milimita daga mita 10. Ƙarfi bai ƙara saiti, rage shi yake yi. Babbar mai sifirin tana zabura gaba da baya in an harba, har babba sai ya daɗe kafin ya iya riƙe ta, kuma ƙwayar da gudunta ya kusanci gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, tana tangal-tangal a iska. Yaron da aka fara da irin wannan zai riƙa runtse ido yana fizgar kunama don tsoron girgizar, kuma ɗabi'a ce mai wuyar cirewa. Ga kuma ɗanawa: manyan suna buƙatar ƙarfin da ya kai kilo 15 zuwa 20 kafin bututu ya karye. Yaro zai dafa ta da gwiwa yana kokawa, bakinta yana yawo ko'ina, in kuma bututun ya kuɓuce masa yana iya dukan fuskarsa ko ya datse masa yatsa.

Saboda haka ka tambayi jul, ka nemi 7.5 ko kusa da haka. Akwai alama mai sauƙi: bindigogin da aka ƙera don kasuwar Jamus masu ƙarfin da bai wuce jul 7.5 ba ana buga musu harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar a jikin ƙarfen. Weihrauch HW30 ta Jamus misali ce mai kyau, nauyinta kusan kilo biyu da rabi, ɗanawarta da sauƙi, kuma bindiga ce da za ta yi wa wa aiki ta dawo kan ƙane. Diana, da Gamo ta Sifen, da Hatsan ta Turkiyya duk suna da ƙananan samfura na yara a farashi mai sauƙi. Sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba, domin kowannensu yana ƙera manya da ƙanana.

Kuma kada kalmar rauni ta sa ka sakankance. Jul 7.5 yana huda fata, yana tsiyaye ido, a kusa kuma yana iya shiga gefen kai ko wuyan yaro.

Mataki na biyar: ka tafi da yaron a gwada masa

Mun saba ɗinka wa yaro riga da ɗan girma don ya shekara biyu yana sawa. Bindiga ba a yi mata haka. In ta fi ƙarfinsa yau, duk abin da zai koya da ita a karkace zai koya.

Kafin ku fita gida, ka gano idon da yake gani da shi, domin kowa yana da ido ɗaya da ke jagora, kuma ba dole ne ya zama ɓangaren hannun da yake rubutu da shi ba. Ka tsaya nesa da shi kamar taku biyar. Ka ce ya miƙe hannuwansa biyu ya haɗa su ya bar ƙaramar kafa a tsakiya, ya kalli hancinka ta cikin kafar da idanu biyu a buɗe. Idon da kake hangowa ta kafar, shi ne. A maimaita sau uku. In idon hagu ne, ya koyi harbi daga kafaɗar hagu ko da badama ne, domin sauya kafaɗa a wannan shekaru ya fi sauƙi a kan faɗa da ido. Sai ka nemi bindigar da katakonta bai karkata ga ɓangare ɗaya ba.

A shago, ka sa mai shago ya karya bindigar ya nuna babu komai a ciki kafin ya miƙa. Yaro ya ga haka tun ranar farko. Sannan a duba abu uku.

Tsawon gindi, wato daga kunama zuwa inda ake jingina wa kafaɗa. Na manya yana kai wa santimita 35 zuwa 37, yaro ɗan goma kuwa 30 zuwa 32 yake buƙata. Ka tafi da tef ɗin awo. Gwajin gaggawa shi ne ya sa gindin a lanƙwasar gwiwar hannunsa, ya miƙa yatsa: in kan yatsan manuni ya hau kunama ba tare da miƙewa ba, ta kusa daidai. Amma gwajin gaskiya shi ne ya ɗora ta a kafaɗa. Kumatunsa ya kwanta a kan katako, kansa a tsaye, idonsa ya faɗa kan saiti ba tare da ya miƙa wuya ba. In ka ga ya ja kafaɗunsa baya ya turo ciki gaba, ta yi masa tsawo ko nauyi. Wasu suna da gindi mai ƙaruwa da raguwa, in ka samu irinsu ka more. Mai katako kuma kafinta yana iya rage ta a ajiye guntun don gaba.

Nauyi. Kada ta wuce kilo biyu da rabi, uku in yaron ƙaƙƙarfa ne. Ya riƙe ta a kafaɗa ka ƙirga goma a hankali. In bakinta ya fara sunkuyawa kafin ka gama, a nemi ƙarama.

Ɗanawa. Ɗan sha biyu ya kamata ya iya karya ta cikin sauƙi, bakinta yana kallon inda ya dace. Ɗan takwas kuwa, in bai iya ba, ni ina ganin alheri ne: kai za ka riƙa ɗana masa, kuma ka san ba zai iya harba ta a bayan idonka ba.

Mataki na shida: kunama, aman da saiti

Ka roƙi a bar ka ka gwada kunamar a wurin gwajin shagon, da ƙwaya a ciki, domin harba mai sifirin ba ƙwaya yana lalata ta. Kunama mai kyau tana tafiya a hankali, ta tsaya, sannan ta saki da ɗan ƙarin matsi. In tana da tauri, yaro zai ja ta da dukan hannunsa bindigar ta kauce. In kuma ta cika laushi, za ta tashi kafin ya shirya. Kada ka bari wani ya kwance ta don ya sassauta.

Aman, wato makullin kunama, gara wanda ke shiga da kansa duk lokacin da aka ɗana. Ka tambaya kuma ko tana da abin da ke hana ta tashi in bututu yana karye. Duk da haka ka koya wa yaron cewa ƙarfe yana iya cin amana, hannu ɗaya yana riƙe da bututun duk lokacin da ɗayan ke sa ƙwaya.

Darbil kuwa, wato madubin hangen nesa da ake ɗora wa bindiga, a bar shi tukuna. Za a so a haɗa maka da shi a matsayin kyauta, yaron ma shi zai fi so. Yana ƙara nauyi, yana ɗaga kan yaro daga katako, yana rufe masa abin da ke gefe, masu araha kuma girgizar sifirin tana kashe su da wuri. Ya fara da saitin ƙarfe, na gaba da na baya. Bayan shekara, in ya iya, sai a yi maganar darbil.

Mataki na bakwai: abin da za ka haɗa da ita

Tabarau na kariya guda biyu ko fiye, naka da nasa da na duk mai kallo, masu alamar EN 166 ko Z87.1, kuma nasa ya zama na yara wanda ba ya zamewa. Tabaran rana ko na magani ba sa maye gurbinsu. Ƙwaya mai shafaffen kai, ita ce ke huda takarda da kyau, gwangwani ɗaya yawanci 500 ne. Jaka mai zif da ƙaramin kwaɗo. Abin tare ƙwaya: ko akwatin ƙarfe da ake sayarwa don haka, ko babban kwali da ka danƙare da tsofaffin tufafi, ko buhunan yashi. Bangon bulo tsirara, tayar mota, katako mai tauri, dutse, kwalba da saman ruwa duk suna mayar da ƙwaya.

Dalma guba ce, kuma ta fi cutar da yara. Kada ya riƙe ƙwaya a baki, kada a ci abinci ana harbi, a wanke hannu da sabulu in an gama, a kuma tsince waɗanda suka zube kada mai rarrafe ya samu.

Mataki na takwas: ranar farko

Ka zaɓi safiya ko bayan la'asar, domin ƙarfen da ya sha rana yana ƙona hannu, yaron da zafi ya dama kuma ba ya saurare. Kada a tara yara. Kai da shi kaɗai, waya a aljihu.

Kafin a buɗe gwangwanin ƙwaya, ya haddace dokoki huɗu ya faɗa maka da bakinsa. Kowace bindiga a ɗane take har sai ka duba da kanka. Bakinta ba ya kallon mutum ko dabba, ko da wasa, ko babu komai a ciki. Yatsa ba ya hawa kunama sai an gama saiti. Kafin ka harba, ka san abin da kake aunawa da abin da ke bayansa. Ka haɗa masa da hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ka ba shi kuma labarin Abdullahi ɗan Umar da ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya gaya musu Manzon Allah ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwada saiti. Kyanwar unguwa da ƙadangare suna cikin wannan.

Ku yi alkawari a fili: "Ɗana, in na ce tsaya, ka cire yatsa ka ajiye ta. In bakinta ya juyo wajen mutum sau ɗaya, mun tashi na yau." In ya saɓa, ka cika alkawarin ba tare da tsawa ba, ko da yanzu kuka iso daga tafiyar awa guda. Sau ɗaya ko biyu ya ishe shi darasi.

A fara a zaune, gaban bindiga a kan matashi ko jakar yashi a kan tebur, takarda babba a mita biyar. Kai kana tsaye a bayan kafaɗarsa inda hannunka zai kai bindigar. Nuna masa a zane yadda kan saitin gaba yake zama a tsakiyar tsagar na baya, samansu daidai, kuma idonsa ya tsaya a kan na gaba ko da takardar ta ɗan yi hazo. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya riƙe, ya matsa kunama a hankali har ta tashi da kanta, ya ci gaba da kallo ta saiti daƙiƙa biyu kafin ya ɗaga kai. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a mai sifirin, domin ƙwayar tana ɗan jinkiri kafin ta bar bututu.

A yi biyar biyar. Kada ka damu da tsakiya tukuna, abin nema shi ne ramukan su taru wuri ɗaya. In sun taru amma a gefe, sai a gyara saitin baya, a matsa shi zuwa ɓangaren da ake son ƙwaya ta koma: in suna faɗawa hagu, a matsa shi dama, in suna ƙasa, a ɗaga shi. Babu mai zuwa duba takarda sai an karya bindigar an ajiye. Minti ashirin zuwa talatin ya isa, a rufe da balan-balan biyu ko gwangwanin lemo don ya tashi da farin ciki. In ramuka biyar sun fara shiga faɗin tafin hannunsa a kai a kai, a ja baya zuwa mita 10. Harbi a tsaye sai daga baya.

Mataki na tara: ajiya da ɗauka

Bindiga a kabad mai makulli, ƙwaya a wani wuri daban mai makulli, mabuɗi a jikinka. Saman kabad ko ƙarƙashin gado ba ɓoyo ba ne, yara sun fi mu sanin gidan. Ka ƙara kula ranar da gida ya cika da baƙi, lokacin salla ko Umara ko biki, domin ɗanka ya san doka amma 'ya'yan baffansa ba su sani ba, kuma zai so ya nuna musu. Kada a ajiye mai sifirin a ɗane, yana kashe sifirin. A goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai, musamman a Jidda da Yanbu inda raɓar teku ke kawo tsatsa da sauri, amma kada a zuba man mota ko wani mai a ramin iska, domin matsi yana kunna shi ya ƙone robar ciki. A mota, tana cikin jaka a but, babu ƙwaya a ciki, lasisi yana tare da kai, kuma yaro ba ya fitowa da ita a titi ko ya ɗauki hoto yana auna kamara.

In tsautsayi ya faru, ƙanƙantar ramin kada ta yaudare ka, ƙwaya tana shiga da nisa ta bar ɗan tabo kawai. Duk harbin da ya samu kai, ido, wuya, ƙirji ko ciki, asibiti ne nan take, ko da yaron yana cewa ba ya jin zafi. Kira 997, motar agajin Hilal Ahmar. Kada a yi ƙoƙarin ciro ƙwayar. In ido ne, kada a murza, kada a wanke, kada a danna: a kife ƙaramin kofin takarda a kai a manne shi. Yaron da ya haɗiyi ƙwaya ma a kai shi a duba.

Ƙaramar bindigar za ta yi masa shekara uku ko huɗu. In hannunsa ya yi tsawo har ya fara takurewa, a ƙara roba a gindinta ko a mayar da guntun katakon da aka yanke. In kuma sha'awarsa ta koma gasa, kafin ka sayi ta biyu ka kai shi kulob, mai koyarwa ya duba tsayuwarsa ya faɗa maka wadda ta dace da shi.